Tsakuwa Bakwai

Dutsen Tanshi, kowa na hango shi daga titi.
Nawa kuwa sai da aka shafa min abu mai sanyi a ciki,
aka ce in riƙe numfashi,
sannan suka fito a allon na'ura, su bakwai,
kamar 'ya'yan dara
da masu wasa suka tashi suka bari.

Shekarata goma sha shida.
Na san tsakuwa a shinkafa, na san ta a takalmi,
ban san tana kama ɗaki a jikin mutum ba.
Likita ta ce sikila ce ta bar dusa,
dusar ta daskare a matsarmama.
Ashe ciwo ma yana haihuwa.

Matsarmama ba baƙuwata ba ce, Baba mahauci ne.
Na sha tsugunawa ina kallo
ya lallaɓa bakin wuƙa a jikin hanta,
ya zare 'yar koriyar jakar nan yana cewa,
"Mu'azzam, wannan in ta fashe, an yi asarar nama."
Yau kwana tara takardar sa hannu na aljihunsa,
ta sha ninki har ta fara yagewa.
Hannun da bai taɓa rawa a kan wuƙa ba
ya kasa riƙe biro.

Da asuba Inna kan ɗora tanda.
Daga Wunti, daga Jahun, ana zuwa da kwano,
ni ɗan mai masa ina gefe da koko tsura.
Ran Laraba na saci uku,
na tsoma a man shanu, na barbaɗa ƙuli.
Ƙarfe ɗayan dare mai bashi ya yi sallama.
Ya fara daga ƙasan haƙarƙarin dama,
ya haura ya kama kafaɗa,
na kife a tabarma ina cizon filo
don kada Inna ta ji ta ƙirga masarta.
Ta ji. Ba ta ƙirga ba.
Ta riƙe min goshi har aka kira assalatu.

Gwaggo Hurera ta aiko da man zaitun da lemon tsami,
wai wata a Azare ta sha, ta wayi gari sarai.
Kawu Haladu ya ce duk zuriyarmu
ba a taɓa tsaga kowa yana numfashi ba.
Ishaya, abokin bencina, ya ɗage riga a bayan aji,
ya nuna min tabonsa kamar lambar yabo:
"Barci ne kawai, ka farka kana neman ruwa."
Na ce in ban farka ba fa?
Ya yi shiru. Aka kaɗa ƙararrawa.

Ina aunawa in dare ya yi, yadda Baba ke auna tsoka.
Nan gefe, jarrabawar fita saura wata huɗu,
ga jini leda biyu da za a nema,
ga kuɗin da sai babur ɗin Yaya ya bar gida.
Can gefe, ɗaya cikin bakwai ta gangara wata rana
ta toshe hanya, idona ya rine kamar ɗorawa,
a kwashe ni da tsakar dare ba shiri.
Sikelin ba ya tsayawa.

Na tambayi likita ko hanta za ta yi kewa.
Ta yi dariya har ta cire tabarau.
Ta ce ɗacin zai ci gaba da zuba abinsa,
rumbun kaɗai za su ɗauke.

Jiya na iske Baba yana wasa wuƙa a zaure.
Na ajiye birona kusa da dutsen washi.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Kana tsoro?"
Na ce, "Sosai."
Ya ce, "Ni ma."

Abu ɗaya na roƙa in ranar ta zo:
a zuba min su a kwalba, su bakwai ɗin,
in girgiza, in ji muryarsu daga waje.